Idan Ka Haɗu da Shanu a Hanyar Ƙafa: Yadda Za Ka Wuce Lafiya

Bara da kaka wata maƙwabciyarmu ta taso daga lambu a bakin Kogin Kaduna da kwandon alayyahu a ka. Hanyar da ta bi ita ce wadda take bi kullum, siririya, gona a dama, kwari a hagu. Ta tarar da shanu suna haurowa daga mashaya, ba su fi ashirin ba, yaron da ke kora su yana can baya. Wani ɗan maraƙi ya tsaya shi kaɗai a gefen hanya, akwai sarari tsakaninsa da sauran, sai ta ce bari ta bi ta nan ta wuce. Ba ta san uwarsa ce ke tsaye a ɗaya gefen ba. Saniyar ko ƙaho ba ta sa mata ba. Goshi ta sa ta ture ta, ta taka ta sau ɗaya. Haƙarƙarinta uku suka karye, ta yi wata biyu ko bokitin ruwa ba ta iya ɗauka.

Da muka je dubiya kowa cewa yake tsautsayi ne. Na yarda da ƙaddara, amma abin ya tsaya mini a rai, domin duk wanda ya tashi cikin shanu da ya hango wannan hatsarin tun yana taku hamsin daga wurin. Mu da muka girma a cikin gari mun rasa wannan idon, alhali haɗuwarmu da shanu ƙaruwa take yi. Gari ya buɗe ta Rigasa, ta Mando, ta Kamazou, ya haye kogi ta Danbushiya. Wuraren da a da burtali ne yanzu an yanka su filaye, an ja katanga. Kogin kuwa yana nan inda yake, shanu dole su sha ruwa, don haka hanyar da yara ke bi zuwa Islamiyya ita ce hanyar da garke ke bi zuwa mashaya. Makiyayar Ladduga da ke Kachia ta yi wa mai shanun gefen gari nisa. Ga kuma shanun da ake saukewa a Zango na Tudun Wada, da na turka da ake kiwatawa a ƙofar gida.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, tsira daga shanu tun daga nesa ake yin ta. In ka bari har kana jin hucinsu, dabarun da suka rage maka kaɗan ne.

Da farko, ka san yadda saniya ke ganinka

Idanun saniya a gefen kai suke. Tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta juya ba, in ban da wani ɗan yanki daidai bayan wutsiyarta. Wanda ya ɓullo mata ta wannan yankin ba zato, harbi zai sha, kuma harbin saniya ba baya kaɗai yake zuwa ba, tana iya kai shi gefe kamar mai yankan ciyawa da lauje. Ke nan tsayuwa kusa da cinyarta ma ba tsira ba ce.

Duk da faɗin ganin nan, ba ta iya kimanta zurfi da nisa sosai. Shi ya sa za ka ga ta tsaya cak a bakin kwata ko a inda inuwa ta gitta hanya, ta sunkuyar da kai tana dubawa. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani a gaba. Motsi kuwa, komai ƙanƙantarsa, ba ya wuce ta. Lema da aka buɗe farat ɗaya, hijabi ko babbar riga da iska ke kaɗawa, leda da ta tashi, yaro da ya zabura da gudu, duk waɗannan na iya razana ta. Zancen cewa jan kaya ne ke tunzura sa ba shi da tushe, shanu ba sa bambance ja yadda muke bambance shi. Kaɗawar tufa ce ke jan hankalinsu. Kunnensu ma ya fi namu jin sauti mai tsini, don haka ihu da fito da ham ɗin babur suna damunsu fiye da yadda muke zato.

Kowace saniya tana da wani fili a kewaye da ita wanda in baƙo ya shiga sai ta motsa. Shanun Fulani sun saba da mai kiwonsu, yana shafa su yana kiran kowace da sunanta, sai ka ɗauka haka za su yi da kowa. Ba haka ba ne. Yaron da kake gani ɗan shekara goma yana ratsa su da 'yar sanda, sun san muryarsa da warinsa tun suna maruƙa. Kai baƙo ne. In ka shiga filin nan kuma akwai wurin kaucewa, saniya za ta kauce. In babu, katanga ta tare ta ko sauran shanu sun matse ta, to ta kanka za ta bi. Farar saniyar nan Bunaji da ta fi yawa a ƙasar Kaduna takan kai kilo 300, bijimi ya wuce haka nesa, kuma dukansu sun fi mutum gudu. Ba sai dabba mai wannan nauyin ta yi nufin cutar da kai ba, matse ka da bango kawai ya isa ya karya ƙashi.

Na biyu, ka san lokaci da wurin da ake haɗuwa

Garke yakan fita da hantsi bayan an gama tatsa, ya dawo gab da magariba. Na yamman ya fi hatsari. Shanu sun gaji, masu shayarwa suna ɗokin komawa wurin maruƙan da aka bari a ruga, haske ya ragu, kuma lokacin ne mutane ke dawowa daga gona da kasuwa. Da kaka ana sakin su cikin gonakin da aka girbe su ci kara da harawa, sai su bazu, ba ka sanin ta ina ɗaya za ta ɓullo. Da rani duk sukan gangaro fadama da bakin kogi. Cikin hunturu hazo kan hana ka hango su da wuri.

Wuri kuwa, duk inda hanya ta matse shi ne abin tsoro: kan kwalbati, 'yar gadar ƙafa, lungu tsakanin katanga biyu, gangaren mashaya mai santsi, hanyar da dawa ta yi tsayi ta rufe gefe da gefe. Kafin ka shiga irin wannan wuri ka tsaya ka saurara, ka dubi ƙasa. Ɗanyen kashin shanu da sabon sawun kofato sun isa su gaya maka garke na kusa. Masu fita motsa jiki da asuba, ku cire abin sauraren nan daga kunne idan kun bar kwalta.

Na uku, tsaya daga nesa ka karanta garken

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda gaggawa ke sa mu tsallake. Da ka hango shanu, tsaya. Minti ɗaya ya isa. Abu huɗu kake nema.

Ka fara neman maruƙa. Mutane sun fi tsoron bijimi saboda tozo da ƙaho, amma saniya mai ɗanyen jego ta fi shi saurin taso wa mutum. Wata tara ta yi tana ɗauke da cikin nan, kuma a kwanakin farko bayan haihuwa ko mai ita yana takatsantsan da ita. In ka ga maraƙi, kada ka motsa sai ka gano uwarsa. Ita ce wadda ta daina cin ciyawa, ta ɗaga kai, kunnuwa sun miƙe, idonta na kanka. Ka zana layi a zuciyarka daga ita zuwa ɗanta, wannan layin ba a tsallaka shi ko da faɗinsa ya kai tsakar gida. Maraƙin da ke kwance shi kaɗai cikin ciyawa ma ba yasasshe ba ne, uwarsa na kusa. Yara na son shafa shi saboda kyansa. A hana su. Kuka ɗaya zai yi, uwar ta iso, wani lokaci har da 'yan rakiya.

Sai ka nemi wadda ta ware. Ba banza Bahaushe ya ce saniyar ware ba. Shanu dabbobin taro ne, hankalinsu a kwance yake muddin suna cikin 'yan'uwansu. Wadda ta rabu da garke a firgice take, burinta ta koma, kuma duk abin da ya tsaya tsakaninta da su za ta bi ta kansa. Babban garke mai tafiya a natse bayan makiyayinsa ya fi saniya ɗaya da ke kai da komo tana kuka sauƙin wucewa.

Abu na uku, ka dubi bijimi, ka ga abin da yake yi. Sa mai niyyar faɗa ba ya ɓoye niyyarsa. Yakan juya maka gefensa ya gantsare don ka ga girmansa, ya sunkuyar da kai, ya riƙa girgiza shi, yana huci, yana tona ƙasa da ƙafar gaba yana watsa ta baya, wani lokaci da ruri. In ka ga ko biyu daga cikin waɗannan, ka fasa bin hanyar. Haka in ka ga bijimai biyu suna karo, ko ɗaya yana bin saniya don barbara, ka ba su wuri mai yawa, domin wanda aka kayar yakan fita da gudu ba ya duban gabansa. Akasin haka, shanun da ke tuƙa, wasu a kwance, wutsiya na korar ƙuda a hankali, waɗannan hankalinsu a kwance yake.

Abu na huɗu, ka nemi mafakarka tun kafin ka buƙace ta. Ina bishiya, ina turken lantarki, ina motar da aka ajiye, ina kwata mai faɗi, ina ƙofar da ke buɗe? Idan ka duba babu ko ɗaya, hanya kuma ta matse, ka koma baya ka jira su wuce. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, balle wannan da ba za ta ci maka minti goma ba.

Akwai wata saniyar da ba ta shiga wannan lissafi ba: wadda ke dalalar da yawu, tana kuka ba ƙaƙƙautawa, tana tangaɗi ko kai wa komai hari. Haukan kare na kama shanu. Kada ka kusance ta, ka sanar da mai ita ko likitan dabbobi. Mushe ma in ka gani a hanya, musamman mai fitar da jini ta hanci ko ta baya, kada ka taɓa, kada ka bari a feɗe. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antaras a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja, a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma cuta ce da ke kama mutum ta hanyar taɓa irin wannan mushen.

Na huɗu, yi magana da mai kiwon

Ban san abin da ya sa muke jin nauyin wannan ba. Mutumin da ya san halin kowace saniya a garken yana tsaye a gabanka. Ɗaga murya kaɗan, ba ihu ba, ka yi sallama. In babba ne ka ce, "Sannu da kiwo, Baffa. Akwai mai tunkuyi a ciki?" In yaro ne, "Sannu ƙanena, ta ina zan bi?" Sau da yawa zai nuna maka da sanda, ya ce wancan baƙin ne kawai, ko ya shiga tsakaninka da su har ka wuce. Muryarka ma na da amfani ga shanun, sun ji ka, sun san inda kake, ba za ka zame musu abin ba-zata ba.

Idan yaron ƙarami ne ƙwarai kuma shanun na da yawa, kada ka dogara da shi gaba ɗaya. Yana iya kora su, amma ba lallai ya iya tsayar da saniyar da ta riga ta zabura ba.

Kada ka ɗaga wa shanun mutane sanda, kada ka jefe su. Dalili biyu ne. Dutse ɗaya na iya tarwatsa garke su bi ta kan wanda ke bayanka, wataƙila tsohuwa ko mai goyo. Na biyun kuwa duk ɗan Kaduna ya san shi: a jihar nan mun sha ganin yadda ƙaramar magana kan saniya da gona ke zama abin da ya fi ƙarfin unguwa. Ga Bafulatani nagge daɗi goma ce, dukanta kamar dukan ɗansa ne. In kana da ƙorafi akwai inda ake kai shi, zan zo kansa.

Na biyar, wucewar kanta

In garke na tahowa ta inda kake, fita daga hanyar gaba ɗaya, ka hau tudu ko ka tsaya bayan bishiya, ka yi shiru har na ƙarshe ya wuce. Kada ka jingina da katanga a lungu kana cewa za su raɓa ka, nan ne ake matse mutum. Ka jira ka tabbata babu wata da aka bari a baya, domin ita ce za ta taho da gudu.

In kiwo suke yi a gefen hanya, ka zagaye su ta waje da tazara mai kyau, kada ka ratsa tsakiya. Tafiya a natse, ba gudu, ba sanɗa. Ka riƙa kallonsu ta gefen ido, ba ka ƙura wa ɗaya ido ba, ba ka kuma ba su baya gaba ɗaya ba. Ka tattare riga ko hijabi da hannu, ka rufe lema tun daga nesa. Wata 'yar dabara da makiyaya ke aiki da ita: in kana bayan tozon saniya gaba za ta yi, in kana gaban tozon za ta tsaya ko ta juya. Saboda haka kada ka yanke ta gaban hancin wadda ke tafiya.

Mai yara ya riƙe hannunsu, ya sa su ta gefen da ba shanu, ƙarami a ɗauke shi. Mai goyo ta ja baya ta jira, ba a cacar wucewa da jariri a baya. In kuna da yawa ku dunƙule wuri ɗaya, kada ku bazu. Mai babur ya rage gudu tun daga nesa, ya kashe inji in ya cancanta, ya bar ham. Da dare ka haska ƙasa da tocilan, kada ka dalle musu ido.

Kare kuwa sai na ɗan tsaya a kansa. Saniya ba ta bambance karen gida da kura, duk abokan gaba ne a wurinta, musamman in tana da maraƙi. A Ingila, inda hanyoyin ƙafa na jama'a ke ratsa cikin gonakin kiwo, shanu na kashe masu yawo, kuma hukumar kula da lafiya a wuraren aiki ta can ta sha nuna cewa yawancin lokuta akwai kare ko maruƙa a cikin lamarin. Dokarsu ta 1981 har ta hana a bar bijimin irin shanun madara da ya wuce wata goma a filin da hanyar jama'a ta ratsa. Shawarar da suke ba masu kare ta dace da mafarautanmu da masu zagayawa da kare a unguwa: ka riƙe shi da gajeriyar igiya kusa da shanu, amma in sun taso muku, saki igiyar. Kare zai tsere musu, kai ba za ka iya ba, kuma shi suke nema. Kada ka ɗauke shi a hannu.

Sa na turka da san da ya ƙwace

Wannan ya fi shafar cikin gari. San da aka ɗaure a ƙofar gida ana ba shi dusa wata da watanni ya tara ƙarfi, ba ya tafiya, kuma ya daina tsoron mutum. Dubi ƙasa kewaye da turkensa, za ka ga da'irar da kofatonsa ya share. Iyakar igiyarsa ke nan. Ka wuce ta wajen da'irar, ka ƙara taku uku, don igiya na tsinkewa, turke na tugewa. Kada ka tsallaka igiyar da ke kwance a kan hanya, in ya zabura za ta kwashe maka ƙafa.

Gab da Babbar Sallah, da lokacin watanda a ƙarshen azumi, shanu na cika unguwanni. Waɗannan an ɗebo su a tirela daga nesa, sun sha rana da ƙishirwa, an raba su da garkensu, ga hayaniya, ga warin jini. In ɗaya ya ƙwace za ka ga yara da samari sun bi shi da ihu kamar ana biki. Ihun nan shi ke ƙara haukata shi. Abin yi shi ne ka janye yara cikin gida ka rufe ƙofa, ka bar wa mahauta da masu shanun aikinsu. Masu hawan ƙaho gadonsu ne, sun koya tun suna yara, duk da haka suna jin rauni. In an roƙe ka ka kama igiya, kada ka naɗe ta a hannu ko a ƙugu. Riƙe ta yadda za ka iya saki.

Idan ta taso maka

In ta tsaya tana kallonka tana huci amma ba ta taho ba, ja da baya a hankali, gefenka na fuskantarta, kana magana ƙasa-ƙasa, ka nufi mafakar da ka riga ka zaɓa. Kada ka juya ka zura da gudu, gudu na jawo bi. 'Yan karsana da ƙananan bijimai kan biyo mutum don son gani kawai. Waɗannan in ka juyo ka tsaya, ka buɗe hannuwa, ka daka musu tsawa ɗaya mai kauri, galibi sukan tsaya.

In kuwa ta sunkuyar da kai ta taho da gaske, kada ka yi tsere da ita a miƙe. Ka goce gefe, nauyinta ba ya barinta ta juya da sauri kamar kai. Ka sa wani abu tsakaninku, bishiya ko turke ko mota, ka riƙa zagaya shi. Tsallaka kwata in akwai, ka tuna ba ta son abin da ba ta san zurfinsa ba. Jefar da abin da ke hannunka gefe guda, jaka ko hula ko kwando, sau da yawa takan tsaya a kansa ta ba ka 'yan daƙiƙu. Kaya ba su kai rai ba.

In ta kayar da kai, dunƙule jikinka, gwiwa a ƙirji, hannuwa sun rufe kai da wuya. In akwai kwata ko ƙarƙashin mota kusa, mirgina ka shiga. Kada ka yi ta yunƙurin tashi a gabanta, motsin ne ke sa ta dawo. Masu kawo ɗauki su janye hankalinta daga wani ɓangaren, kada su taru a kan wanda ke ƙasa alhali dabbar na nan.

Taimakon farko

A fara tabbatar da an kawar da dabbar. Sannan a duba numfashi, a duba jini. Inda jini ke zuba a danna da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai.

Raunin ƙaho mayaudari ne. Bakinsa na iya zama ƙarami alhali ya yi zurfi ya yage ciki, kuma ƙaho ɗauke yake da ƙasa da kashi. Duk sukar ƙaho a ciki, ƙirji, wuya, matsematsi ko cinya, asibiti za a nufa kai tsaye. In hanji ya fito kada a mayar da shi, a rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwa mai tsabta. Kada a zuba toka, ƙasa, baƙin mai ko garin magani a rauni. A asibiti a tuna musu da allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora.

Wanda aka taka ko aka matse ya fi ba ni tsoro, domin yakan tashi ya kaɗe riga ya ce ba komai. Saifa ko hanta na iya fashewa jini na zuba a ciki ba a gani. In ya fara jiri, gumi mai sanyi, ƙishirwa mai tsanani, ciki ya yi tauri, numfashi na yi masa wuya, ko ya yi amai bayan ya bugu a kai, to kowane minti na da tsada. Kada a ba shi ruwa ko abinci, wataƙila tiyata za a yi. In yana kukan wuya ko baya, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a naɗe shi a cusa a Keke Napep. A kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jiki. A kira 112, ko a nemi mota zuwa babban asibiti mafi kusa, kamar Barau Dikko a tsakiyar gari, Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan ga na kudancin gari. Ina girmama masu ɗori, amma karayar haƙarƙari na iya huda huhu, kuma hoto ne kaɗai zai nuna hakan. A fara da asibiti.

Bayan ƙura ta lafa

Kada 'yan'uwa su bi makiyayi da duka, kada a kama saniya a ce diyya ce. A lura da kamannin shanun da inda suka nufa, a sami shaidu, a kai magana wurin mai unguwa, shi ya san arɗon yankin. In rauni ya yi tsanani a sanar da 'yan sanda. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi bayani cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna ɗaukar alhakin abin da ta taka, don haka neman kuɗin magani ta hanyar da ta dace haƙƙi ne, ba tsokana ba.

A zaman da aka yi kan maƙwabciyarmu, mai shanun ya biya kuɗin asibiti, aka kuma yi yarjejeniya cewa garke ba zai hauro ta wannan hanyar ba sai bayan yaran Islamiyya sun wuce, kuma babba zai riƙa kasancewa a gaba duk lokacin da akwai sabuwar haihuwa a ciki. Mu kuma iyaye muka ɗauki yaran ranar wata Asabar muka tsaya da su a kan tudu, daga nesa, muna nuna musu garken: wancan maraƙi ne, to ku nemo mini uwarsa. Ƙaramarsu ce ta fara gano ta.